Gargaɗi ga Masu Rautar Intanet a Shaguna da Ofisoshi

Jama'a, a kula! Duk mai shago, kemis, ofis ko wurin POS da ke amfani da rautar nan mai ɗaukar sim, ya duba ta yau, kada ya bari sai gobe.

Rauta, ko daga ofishin MTN ko Airtel aka saye ta ko daga kasuwar Farm Centre ta Kano, tana da kalmar sirri biyu. Ɗaya ta wayfai ce, wadda kowa ya sani. Ɗayar kuwa ta shafin saiti ce, kuma nan ne gizo ke saƙa. A rautoci da dama kalmar "admin" ce kawai, ga ta ma a rubuce jikin takardar da ke manne a ƙarƙashin na'urar. Wanda ka ba wayfai don ya ɗan duba WhatsApp, yana rubuta 192.168.8.1 ko 192.168.0.1 a wayarsa ya shige ciki. Daga can zai karanta saƙonnin da suka shigo layin, ya tura saƙo da lambarka, har ya karkatar da masu shiga intanet zuwa shafin banki na bogi.

To, idan layin da ke cikin rautar shi ne wanda ka haɗa da asusun bankinka fa? Alat da lambar OTP duk can za su riƙa sauka, kai kana gaban kanta kana lissafi. Wannan ganganci ne ƙwarai, kuma 'yan kasuwa da yawa na yin sa saboda wai layin ya fi samun garaɓasar data. Cire shi yanzu. Sa wani layi dabam wanda ba ruwansa da banki, amma mai rajista da lambar NIN ɗinka ko sunan kamfaninka, ba wanda aka tsinta da rajistar wani ba.

Abin ba almara ba ne. A 2016 manhajar ɓarna ta Mirai ta mamaye na'urori barkatai ta hanyar gwada kalmomin sirrin da suka zo da su daga masana'anta, har ta hana mutane shiga Twitter da Netflix a Amurka. A 2025 kuma masu bincike na kamfanin Sekoia na Faransa sun gano ana tura saƙonnin damfara a Turai ta cikin rautocin Milesight da aka bari a buɗe.

Sauya kalmar saiti da mai tsawo, ba sunan shago ko shekarar haihuwa ba. Kashe WPS da damar sarrafa rautar daga nesa. Kwastomomi a buɗe musu wayfai na baƙi, kada su hau wanda kwamfutar lissafi da kyamarar tsaro ke kai. In yaron shago ya bar aiki, a sake kalmomin duka biyu a ranar. A ɗaga na'urar daga kan tebur, domin zare sim aikin ƙiftawar ido ne.

Wanda ya tarar an zare masa sim, ya fara kiran banki a toshe asusu, sannan ya garzaya ofishin kamfanin layin.