Lugu: Ajin tarihi da ɗalibin Dogon Dutsi zai je ya dawo a yini guda

A ƙasar Italiya, kwasar ɗalibai a kai su Rum ko Florence su yini suna kallon kayan tarihi abu ne da makarantu suka saba yi. Ɗalibin Dogon Dutsi, a jihar Dosso ta Jamhuriyar Nijar, shi ma yana da irin wannan wuri kusa da gida, wato ƙauyen Lugu da ke ƙaramar hukumar Dankasari.

Ɗalibin da ya yi sammako zai baro garin dutsen Tozon Bijimi na bayansa, ya bar kwalta ya kama hanyar ƙasa. Idan ya isa, ba zai tarar da benaye ko gumakan marmara irin na Rum ba. Ƙauye ne na ɗakunan laka da na ciyawa a gindin duwatsu. Amma a nan ne, cikin watan Afrilun 1899, Sarauniya Mangu da jama'arta suka ƙi miƙa wuya ga rundunar Faransa da Voulet da Chanoine ke jagoranta.

Rundunar ta nufi tafkin Chadi ne, tana ƙone garuruwa tana kashe mutane a hanya. Mutanen Lugu sun tare ta da kwari da baka, da wuta ta yi yawa suka janye cikin daji, aka ƙone garin. Daga nan rundunar ta wuce ta yi ɓarna a Birnin Konni, kafin sojojinta su juya wa jagororin biyu baya su kashe su a watan Yulin shekarar, a yankin Tasawa.

Abu na biyu da ɗalibi zai koya shi ne sarautar ba ta ƙare da Mangu ba. Sarauniya muƙami ne na Azna da ake gada, kuma mai riƙe da shi takan zauna ne a keɓe cikin ɗakinta. Akwai kuma Tunguma, dutsen da ake kai ƙara gabansa, wanda tarihin baka ya ce shi ya yi wa Sarauniyar farko jagora daga Daura.

Idan rana ba ta yi nisa ba, ana iya ratsawa ta Bagaji, mazaunin Baura, da Matankari, tsohuwar fadar Sarkin Arewa. Masu tasowa daga Tibiri kuwa tafiyarsu ta fi tsawo, don suna kudu da Dogon Dutsi.

Sunan Sarauniya ya zagaya duniya ta hanyar littafin Abdoulaye Mamani na 1980 da fim ɗin Med Hondo na 1986, wanda ya lashe babbar kyautar FESPACO a 1987. Sai dai littafin ƙagaggen labari ne da Faransanci, fim ɗin kuma a Burkina Faso aka ɗauke shi. Ainihin labarin yana bakin dattawan Lugu, da Hausa, kuma dattawan ba dawwama za su yi ba.

Abin da tafiyar ke bukata bai taka kara ya karya ba: mota, guzuri, izinin hukuma da na iyaye, da malamin da zai sa ɗalibai su gaida manya, su zauna su saurara, su rubuta abin da suka ji.