Daga Lifidi Zuwa Bargon Ƙyalle: Dukiyar Da Ke Zube A Ƙarƙashin Keken Tela

Duk wanda ya taɓa yin hunturu a ƙasar Kazaure ba ya bukatar a ba shi labarin ɗari. Tun daga watan Disamba har zuwa Fabrairu iska takan keto ta rairayin Ɓaɓura, ta ratsa tsakanin duwatsun Kazaure da na Roni, ta dangana da Gwiwa, ta bar leɓe a tsage, ƙafa da faso, yara kuwa da tari da majina. A wannan lokaci ne magidanci kan tuna da bargo, ya nufi kasuwa, ya tarar kuɗin abin ya fi ƙarfin aljihunsa, balle tun da aka janye tallafin man fetur a shekarar 2023, kome ya yi tashin gwauron zabo.

Abin mamaki shi ne, a cikin kasuwar nan da ya fito hannu wofi, kowane maraice yaran teloli suna share ƙyallayen atamfa da shadda da yadi, su tara su a bayan rumfa su cinna musu wuta, ko kuwa su antaya su cikin kwata su toshe hanyar ruwa. In Salla ta gabato, abin har tsibi yake yi. Waɗannan ƙyallaye, da tsofaffin zannuwan da ke jibge a ƙasan adaka, su ne bargon da magidancin nan ya rasa. Abin da ya rage kurum shi ne allura da zare da haƙuri. Na yi shekaru ina wannan ɗinki a gida bayan na tashi daga aikin koyarwa, shi ya sa na ga ya kamata in bayyana wa masu karatu asalinsa, da yadda na same shi, da kuma yadda ake yin sa.

Gadon Kakanni

Da yawa daga cikin 'yan boko, in sun ga an haɗa ƙyallaye an yi bargo, sai su ce ai aikin matan Turawa ne, ko kuwa su ce alamar talauci ce. Duka biyu sun kauce. Dabarar shimfiɗa tufa biyu, a cusa auduga a tsakani, a bi da ɗinki layi-layi don kada audugar ta gudu, ta daɗe a ƙasar Hausa, har sarakuna sun dogara da ita a fagen fama. Ita ce lifidi. Littafin tarihin sarakunan Kano ya nuna cewa Sarki Kanajeji ɗan Yaji, wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410, shi ne ya fara kawo lifidi da kwalkwali da sulke. Watau ke nan ɗinkin nan ya haura shekara 600 a hannunmu.

Lifidi riga ce mai kauri da akan cusa wa auduga ko audugar rimi, a sa wa doki tun daga wuya har gindi, mahayinsa ma ya sa tasa, domin kibiya ta nutse a ciki ba ta kai ga tsoka ba. Baturen nan mai yawon bincike, Kyaftin Clapperton, ya ga 'yan lifidin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello da idonsa a yaƙin Gobir a shekarar 1826, ya kuma rubuta cewa saboda nauyin kayan sai mutum biyu sun ɗora barde a kan dokinsa. A zamanin nan ne aka kafa masarautar Kazaure, lokacin da Ɗantunku ya yi ta gwabzawa da Sarkin Kano Ibrahim Dabo bayan shekarar 1819, kafin ɗansa Dambo ya zauna a garin Kazaure. Yau an daina yaƙi da dawaki, amma 'yan lifidi suna nan suna fitowa a hawan Salla, kuma a shekarar 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan Kano cikin jerin al'adun duniya da ya wajaba a adana.

To, abin da maza suka yi don kare kai daga kibiya, shi mata suka yi a cikin ɗaka don kare 'ya'yansu daga ɗari. Tsofaffinmu ba su san zubar da tufa ba. Zane in ya tsufa ya zama majanyi, majanyi ya zama shimfiɗar jariri, in ta yage a yi mata maho, daga nan ta koma gammo ko tsumman goge fitila. Ba abin da ke fita daga gida sai ya ƙare ƙarƙaf.

Yadda Na Soma

A hannun kakata na fara ganin aikin, a wani ƙauye da ke gefen Roni. Takan haɗa tsofaffin zannuwa uku ko huɗu, ta shimfiɗa su a kan tabarma, ta danne kusurwoyi da duwatsu, ta yi ta bin su da dogon ɗinki har su zama abu guda. A lokacin ban ɗauke shi da daraja ba fiye da sauran ayyukan tsofaffi. Sai da na kama aiki, na yi aure, haihuwa ta zo a tsakiyar hunturu, albashi kuma ya yi jinkiri, sa'an nan hannuna ya tuna abin da idona ya gani. Na aiki yaro wurin wani tela da ke bakin layinmu ya karɓo mini buhun ƙyallaye, telan har da godiya don an rage masa shara. Cikin mako biyu na gama shimfiɗar jariri mai faɗin kamu biyu.

Daga nan abin ya shiga raina. Na yi wa ɗan farina bargo lokacin da zai tafi makarantar kwana, na zaɓi ƙyallaye masu duhu don su jure dauɗa, na kuma ɗinka sunansa da jan zare a kusurwa saboda masu dogon hannu. Ya yi shekara shida da shi, ƙanensa ya gada. Na yi rigunan matashin kai, da shimfiɗun kujera, da jakar littattafai, da ɗan abin ɗaukar tukunya mai zafi. Sannu a hankali ido ya waye, na fara gane cewa launi ma yana da maƙwabcin da ya fi so: shuɗi yakan zauna lafiya da fari, ja kuwa in ya yi yawa sai ya hana sauran magana.

Amma aikin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wanda na yi bayan rasuwar mahaifiyata. Da aka raba gado, aka ba da tufafinta masu kyau sadaka, sai aka bar waɗansu zannuwa da suka koɗe, ba mai so. Na kwaso su, na yanke inda ya mutu, na ajiye inda ke da sauran rai. Akwai zanen da ta ɗaura ranar sunan autanmu, akwai ankon bikin yayata, akwai kallabin da take zuwa unguwa da shi, akwai kuma wani guntun saƙi na gida wanda ba a ƙara samun irinsa a kasuwa. Wata huɗu na yi ina haɗa su bayan sallar isha'i. Da 'yan'uwana suka zo suka gani, kowa sai ya ɗora yatsa a kan ƙyalle ya faɗi ranar da ya tuna, muka raba dare muna hira muna yi mata addu'a. Bargon kanti, kome tsadarsa, ba ya iya tara zuriya haka.

Yadda Ake Aikin

Bargon ƙyalle hawa uku ne: fuska, da ciko, da shafi. Fuskar ita ce ƙyallayen da aka haɗa. Da farko a ware su, na auduga dabam, na roba dabam, domin in an gwama su, ɗaya zai tsuke a wanki ɗaya ya tsaya, bargon ya karkace. Sa'an nan a wanke su tun kafin a sa almakashi, don mai zuba ya zubar da launinsa shi kaɗai, a shanya, a goge.

Daga nan sai lissafi, kuma a nan ne ɗan makaranta zai ga amfanin abin da aka koya masa. In ana son bargo mai faɗin inci 60 da tsawon inci 80, aka kuma zaɓi murabba'i mai inci 4, to za a bukaci 15 a faɗi, 20 a tsawo, jimla 300 ke nan. Amma ba a yanka su inci 4 cif. Sai a yi inci 4 da rabi, domin ɗinki zai ci rubu'in inci a kowane gefe. A yanki kwali mai wannan awo a riƙa ɗorawa ana zanawa, don duka su zo daidai. A jera su a ƙasa a dube su daga nesa, a sassauya har ido ya gamsu, sa'an nan a haɗa su layi-layi, da keke ko da hannu, a haɗa layukan.

Ciko kuwa, wanda ya fi sauƙi shi ne tsohon bargo da ya sirance, ko zannuwa biyu. Mai son ɗumi sosai ya sa audugar da aka cire wa gurya aka shiɓe ta, ya baje ta daidai. Shafi zane guda ne mai laushi, tun da shi ne zai taɓa jiki. A shimfiɗa ukun, a kama su da manyan ɗinki na wucin gadi, sa'an nan a soma ɗinkin gaske daga tsakiya ana fita zuwa gefe, kada a bar tazarar da ta wuce yatsu huɗu tsakanin layi da layi, in ba haka ba audugar za ta dunƙule a wankin farko. A ƙarshe a kalmashe baki da doguwar ƙyalle mai ƙarfi.

Sai dai a yi hattara da wuta. Abokan gaba sun san lagon lifidi, shi ya sa sukan harbe shi da kibiya mai wuta. Audugar rimi tana kamawa nan da nan, don haka kada a kwana da kaskon garwashi kusa da irin wannan bargo, balle a ɗakin yara.

A Waɗansu Ƙasashe

Abin da muke rainawa, waɗansu sun ɗaukaka nasu. A ƙasar Bangaladash da gabashin Indiya mata suna haɗa tsofaffin mayafansu su yi ɗinkin da suke kira kantha, yau kuwa ana sayar da shi har ƙasashen Turai. A Amurka akwai wani ƙauye mai suna Gee's Bend a jihar Alabama, inda matan baƙaƙen fata, jikokin bayi, suka daɗe suna yin barguna da yagaggun wandunan aikin mazansu saboda sanyi da rashi. A shekarar 2002 aka baje kolin aikinsu a manyan gidajen adana kayan fasaha na Houston da New York, a 2006 kuma hukumar gidan waya ta ƙasar ta buga hotunan bargunansu a kan kan sarki. Allurarsu ba ta fi ta kakanninmu tsini ba, illa dai an sami masu ido da suka tsaya suka duba.

Abin Da Ya Rage Gare Mu

A da, Arewa tana tufatar da kanta. An buɗe masaƙar Kaduna ta farko a 1957, ta rufe a 2002, babbar masaƙar UNTL ma ta tsaya a 2007. Yanzu yawancin atamfar da ake sarowa daga Kantin Kwari zuwa kasuwanninmu daga ƙasashen waje take zuwa. Ashe kuwa duk ƙyallen da yaron tela ya ƙone, kuɗinmu ne da muka aika waje muka sayo, muka dawo muka mai da shi toka.

Gyaran wannan bai bukaci kwangila ba. Cibiyoyin koyar da mata sana'a na ƙananan hukumomin Kazaure da Roni da Gwiwa da Ɓaɓura suna iya ƙara darasin nan a kan ɗinki da saƙa, su kuma gayyato tsofaffin da suka iya tun suna raye, domin kowace tsohuwa da aka kai makwanci tana tafiya da abin da ke hannunta. Ƙungiyoyin teloli su ajiye buhu a kowace rumfa maimakon ashana. Malaman makarantun 'yan mata su haɗa shi da darasin lissafi. Ɗaliban Kwalejin Fasaha ta Hussaini Adamu da ke Kazaure kuwa, masu neman abin yi kafin takardar aiki ta fito, su sani jarin wannan sana'a bai wuce kuɗin zare da allura ba, kuma maza ma ba su da dalilin jin kunya, tun da maza ne suka ɗinka lifidi.

Ga 'yan'uwana ma'aikata, sa'a guda bayan isha'i ta isa a haɗa murabba'i goma. Wanda ya soma bayan damina, kafin hazo ya sauko yaransa sun sami abin rufa. Hausawa sun ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Allah ya sa mu gane, ya kuma sa albarka a hannuwanmu, amin.