LISSAFIN DA KE TSARE ƊAKI DAGA GOBARAR LANTARKI

Da zarar hunturu ya kama, sai kowa ya so ruwan zafi don wanka da alwala. A ɗakunan haya na Agege da Idi-Araba a Ikko, da na Sabo a Badun, sau da yawa soket ɗaya tak ke jikin bango, kuma a kansa za a ɗora hita da dutsen guga da rishon lantarki. In waya ta kama da wuta sai a ce tsautsayi ne, alhali kuwa akwai ɗan lissafin da zai nuna wa mutum haɗarin tun kafin ya kunna kome.

Wani malamin makaranta Bajamushe, Georg Ohm, shi ya fito da tushen lissafin nan cikin wani littafi da ya buga a 1827. Abubuwa uku ya haɗa. Na farko ƙarfin da ke tura wuta cikin waya, ana auna shi da bolt. Na biyu yawan wutar da ke gudana, ana auna shi da amfiya. Na uku turjiya, watau yadda waya ko wani kayan aiki ke tare wa wuta hanya, ana auna ta da om, sunan shi malamin. Mai karatu ya ɗauki misalin garke a burtali: makiyayin da ke kora shi ne bolt, yawan shanun da ke wucewa shi ne amfiya, ƙuncin burtalin kuwa shi ne turjiya.

Ƙa'idar ba ta da wuya. A raba bolt da amfiya, abin da ya fito shi ne turjiya. A ninka bolt sau yawan amfiya, abin da ya fito shi ne ƙarfin aikin da kayan ke ci, wanda ake aunawa da wat. Wutar gida a Nijeriya bolt 230 ce bisa ƙa'ida. To, alal misali, hitar da ke jan amfiya 10 turjiyarta om 23 ke nan, watau 230 a raba 10. Cin wutarta kuwa 230 sau 10, wat 2,300. In ta yi awa guda tana aiki, mita za ta ƙirga yunit 2 da ɗigo 3.

Ana iya juya lissafin. Kusan kowane kayan lantarki akwai wat ɗinsa a rubuce a gindinsa ko a bayansa. A raba wannan adadi da 230, sai a san amfiya nawa yake ja. Dutsen guga mai wat 1,000 yana jan amfiya 4 da 'yan kai. Tsohon ƙwan fitila mai wat 60 da kaɗan ya wuce rubu'in amfiya.

Soket mai rami uku irin na Ingila, wanda ya fi yawa a ƙasar nan, an yi shi ne don amfiya 13. In an ninka 13 sau 230 za a sami wat 2,990. Iyakarsa ke nan. Wanda ya haɗa hita mai wat 2,300 da dutsen guga mai 1,000 da risho mai 1,500, ya ɗora wa soket wat 4,800, kusan amfiya 21. Kaya ya fi ƙarfin jaki.

Abin da ya sa haɗarin ya fi yadda ake zato shi ne, ita ma wayar da ke kai wuta tana da tata turjiya, kuma siririyar waya ta fi kakkaura turjiya. A ce doguwar wayar da aka jawo daga bango turjiyarta rabin om ce. In amfiya 10 ke bi ta cikinta, bolt 5 zai tsaya a jikinta, 5 sau 10 kuwa wat 50 ne na zafi. In aka kai amfiya 20, bolt 10 zai tsaya, zafin ya zama wat 200. Watau in wuta ta ninka sau biyu, zafi ninkawa yake yi sau huɗu. Robar waya ta yi laushi, ta narke, in kuwa tana ƙarƙashin tabarma ko katifa, sai yadda hali ya yi.

Wannan dalili ne ma ya sa wutar da ake samu daga madatsar ruwan Kainji, wadda aka gama ginawa a 1968, ake ɗaga ta zuwa bolt 330,000 kafin a aika da ita kudu da arewa. In bolt ya yi yawa, amfiya kaɗan ta isa ta ɗauki aiki mai yawa, don haka zafin da ke salwanta a hanya ya ragu. Sai ta iso gari taransifoma ke sauko da ita daki-daki har ta kai ta gida.

Mai tsaron gida a nan shi ne fis, 'yar siririyar waya da aka yi musamman don ta narke ta yanke wuta idan lodi ya wuce kima. Ana samun na amfiya 3 da 5 da 13 a cikin fulogi. Amma wasu in fis ya ƙone sai su cusa kakkauran tagulla ko takardar gwangwanin taba a gurbinsa, su ce sun yi dabara. Wanda ya yi haka ya kori maigadi ne, domin yanzu wayar ɗakin ce za ta ƙone a madadin fis.

Saboda haka ya kamata kowane magidanci da mai kanti ya duba wat ɗin kayansa, ya tara, ya ga kada jimla ta haura 2,990 a soket ɗaya, a araharriyar wayar jone kuwa ya tsaya ƙasa da haka ƙwarai. Hita da dutsen guga a riƙa kunna su bi da bi. Fulogin da ya yi zafi a hannu ko ya soma ƙauri a cire shi, a kira ƙwararren mai gyaran wuta. Rigakafi dai ya fi magani. Allah ya kiyashe mu da gobara, amin.