Shiri na Musamman: Rile da Tsofaffin Motocin Hanyar Gwarzo

Duk wanda ke bin hanyar Kabuga zuwa Gwarzo, ta Rimin Gado da Kabo, ya san motocin da ke ɗawainiya da mutane a kanta: Golf, Sharon, tsofaffin Hiace, da 'yan ragowar Peugeot 504 da kamfanin PAN na Kaduna ya yi ta haɗawa tun shekarun 1970. A cikin kowacce akwai wasu 'yan ƙananan akwatuna da masu wayarin ke kira rile. Direba ya taɓa makunni, 'yar wuta kaɗan ta shiga naɗin waya, maganaɗisu ya jawo bakin ƙarfe ya ce ƙas, sai babbar wuta ta wuce zuwa fitila, oda, fanka ko famfon mai.

Na'urar ta girmi mota nesa ba kusa ba. Tun a shekarun 1830 Joseph Henry na Amurka ya gwada ta, wayar tangaraho ta ɗauke ta. Kuma ku saurari wannan: ranar 9 ga Satumba, 1947, wata ƙatuwar kwamfuta a Jami'ar Harvard, mai suna Mark II, ta riƙa ba da matsala. Injiniyoyi suka bi dubban rile suna dubawa, sai ga wani ƙwaro irin mai bin fitila da dare ya maƙale a bakin rile mai lamba 70. Suka zaro shi, suka manna shi da salatif a littafin aiki. Littafin, da ƙwaron a jikinsa, yana ajiye a gidan tarihi na Smithsonian har yau. Ƙwaro guda fa, jama'a!

Raunin rile mai motsi ke nan: bakinsa. Tartsatsi na cinye shi a hankali, ƙurar hunturu ta shiga, laimar damina ta sa masa tsatsa. A Honda Accord da Civic na shekarun 1990 kuwa, dalmar babban rile ce ke tsagewa. Rana ta yi zafi, a yi ta kik mota ta ƙi tashi, da yamma ta tashi lafiya lau. Masu Golf 3 kuma sun san rile mai lamba 167, na famfon mai.

To, ga na zamani, wanda ba abin da ke motsi a cikinsa, tiransista ce ke yin aikin. Ba tartsatsi, ba ƙara, jijjigar ramuka ba ta dame shi ba. A takarda ya fi daɗewa.

A takarda. Amma a garejin ƙauye me ake yi idan batir ya mutu? A aro na wani a tayar da mota, a zare shi inji na aiki, a mayar da matacce. Haka ma ake gwada altaneta. A wannan ɗan lokacin wuta na iya tsalle ta ninka volt 12 sau da yawa. Mai motsi yakan shanye. Tiransista kuwa tana iya ƙonewa nan take. Kuma in ta ƙone, sau da yawa a kunne take maƙalewa: fanka ta kwana tana juyawa, da safe batir fanko. Ƙara da zafin watan Afrilu, da yakan kai digiri 40, sannan ga zafin inji.

Lokaci na hararar mu, don haka a taƙaice. Mai motsi yana gargaɗi kafin ya mutu, ana gane shi da kunne, ana iya musanya shi da na oda a bakin hanya, ga shi jingim a kasuwar Ƙofar Ruwa. Ga tsohuwar motar da wayoyinta suka sha faci, shi ya fi dacewa. Direbobin Kabo da Gwarzo, ku duba lambobin ƙafafunsa, 30, 85, 86 da 87, ku duba amfiya 30 ne ko 40, ku ajiye guda a mota, kuma don Allah a daina zare batir inji na aiki.