Girman Ƙafar Keke a Gangaren Dutse: Inci 26, 27.5 ko 29?

Ƙafar keke abu huɗu ce a haɗe: cibiyar da take juyawa a kan boris, wayoyin da suka tashi daga cibiyar, rim ɗin da wayoyin suka riƙe, sai tayar da ta lulluɓe rim. Idan aka ce girman ƙafa, ana nufin faɗin wannan da'ira daga gefe zuwa gefe, kuma da inci aka saba faɗarsa. A kan kwalta sumul, bambancin wata ƙafa da wata bai cika damun kowa ba. A gangara yake fitowa fili, inda keke yake gudu da nauyin kansa da na mahayi, ƙasa kuma ga dutse ga rami.

Irin wannan wuri ba baƙo ba ne a ƙasar Dutsin-Ma da Kurfi. Yanki ne na duwatsu masu tasowa ɗaiɗai daga fili, irin wanda yake tsaye a cikin garin Dutsin-Ma, da falalen dutse mai leƙowa a tsakiyar gona. Da zarar an sauka daga kwaltar da ta taso daga Katsina ta ratsa Kurfi, sai a faɗa hanyoyin burji da na ƙafa, waɗanda ruwan damina yake yankawa ya bar kwazazzabai, rani kuma ya bar yashi jibge a gindin kowane rafi. Mai zuwa gona a yankin Karofi ko Wurma, ko mai lambu a wajen madatsar ruwa ta Zobe, yakan gangara ya hau tudu sau da dama kafin ya isa. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023 mutane da yawa suka koma wa keke, kuma a cikin kekunan gwanjo da ake shigowa da su akwai masu kaurin taya da giya da shokazoba, waɗanda tun asali don hawa da saukar dutse aka ƙera su. Mai saye yakan duba fenti, ya ƙirga giya, ya danna shokazoba, amma da wuya ya tambayi girman ƙafa, alhali ita ce take taɓa ƙasa.

Wannan nau'in keke daga gangara ya samo asali. A shekarun 1970 wasu matasa a gundumar Marin ta jihar Kalifoniya a Amurka, cikinsu har da Joe Breeze da Gary Fisher da Charlie Kelly, suka riƙa gyara tsofaffin kekunan Schwinn suna tsere da su daga kan tudu zuwa ƙasa a hanyar burji, kuma a 1976 suka fara auna lokacin kowa da agogo. Ƙafafun waɗannan kekuna inci 26 ne. Babu wani bincike da ya nuna cewa shi ne girman da ya fi dacewa. Shi ne dai wanda ake samun taya mai kauri a kansa a lokacin. Kamfanin Specialized ya bi wannan girma da ya fitar da kekensa Stumpjumper a 1981, sauran kamfanoni suka bi sahu, kuma da shi aka yi gasar duniya ta farko ta kekunan dutse a ƙarƙashin hukumar tseren keke ta duniya, UCI, a Durango cikin 1990. Kusan shekara 30 inci 26 yana cin kasuwarsa shi kaɗai.

Inci 29 ya samu shiga ne bayan kamfanin WTB ya yi taya mai kauri a kan rim ɗin keken tseren kwalta a 1999. Shi kuwa inci 27.5 tsohon girma ne na kekunan Faransa, wanda Kirk Pacenti ya farfaɗo da shi a 2007 don kekunan dutse. Wajen 2014 manyan kamfanoni sun rungume shi, masu tseren gangara su ma suka bar 26 suka koma kansa.

Amfanin babbar ƙafa yana cikin yadda take haɗuwa da abin da ya tare ta. Duk wanda ya taɓa tura baro ya ci karo da dokin ƙofa ya san yadda ƙaramar ƙafa take cijewa, alhali amalanke yakan haye dutsen da ya fi wannan tsayi ba tare da shanu sun tsaya ba. Idan da'ira tana da faɗi, dutse yakan same ta ne can ƙasa kusa da inda take taka ƙasa, sai ta hau shi a hankali. Idan ƙarama ce, dutsen yakan dake ta sama-sama, sai wani kaso na gudun ya koma jijjiga a hannun mahayi, ko kuma keken ya tsaya cak mahayi ya wuce ta kan keke. Haka abin yake a rami: babbar ƙafa tana ɗora kanta a bakin rami biyu kafin ta nutse, ƙarama kuwa tana faɗawa ciki sosai kafin ta fito. A hanyar burji da motoci suka mayar ƙunya-ƙunya, wannan bambanci yana maimaituwa sau ɗaruruwa a tafiya guda, kuma a kafaɗa da wuyan hannu ake jin sa.

Akwai kuma kama ƙasa. Sawun babbar taya ya ɗan fi tsawo, ƙurajen roba da yawa suna cizon ƙasa a lokaci guda, saboda haka ba ta saurin zamewa a kan tsakuwa ko falalen dutse da ƙura ta rufe. A yashi ma ta fi tafiya a sama maimakon nutsewa, ko da yake a nan kaurin taya da ƙarancin iska sun fi girman ƙafa tasiri. Juyi ɗaya na ƙafar 29 yana cin ƙasa kimanin mita 2.3, na 26 kuma kimanin mita 2.1, kuma idan babbar ta ɗauki gudu ba ta saurin sakinsa.

Amma kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana da farashinsa. Babbar ƙafa ta fi nauyi, nauyin kuma yana can gefe, nesa da cibiya, don haka tashi da ita daga tsaye ya fi cin ƙarfi, juya ta a ƙaramar kwana ma sai an sa hannu sosai. Wayoyinta sun fi tsawo, kuma doguwar waya ba ta riƙe rim daga bugun gefe kamar gajeriya, shi ya sa idan kayan ƙira ɗaya ne, ƙaramar ƙafa ta fi jure duka kafin ta karkace. Sai matsala ta uku, wadda ta keɓanta da gangara. A wuri mai tsananin gangara mahayi yakan tashi daga sirdi ya ja jikinsa baya, ya sauke ƙugunsa a kan ƙafar baya domin kada nauyi ya rinjaya gaba. A daidai wannan lokaci shokazoba tana iya ɗago ƙafar bayan sama, kuma a keken tseren gangara tana motsi har kimanin milimita 200. Idan ƙafar babba ce, mahayin kuma gajere, taya takan goge shi a mazaunai, ta tura shi gaba a lokacin da ya fi bukatar zama baya.

Saboda waɗannan dalilai masu tseren gangara suka daɗe suna gudun inci 29. A wannan tsere ana sakin mahaya ne ɗaya bayan ɗaya daga kan dutse, tafiyar minti 3 zuwa 5, kuma sau da yawa ƙasa da daƙiƙa ɗaya ce take raba na ɗaya da na biyu. A 2017 ƙungiyar kamfanin Santa Cruz ta zo gasar cin kofin duniya a Lourdes ta Faransa da kekuna masu ƙafar 29, kuma a cikin wannan shekara Greg Minnaar, ɗan Afirka ta Kudu daga Pietermaritzburg, ya ci tseren Fort William a Sukotland a kan irin wannan keke. Minnaar dogo ne sosai, kuma gajerun abokan karawarsa da suka kwaikwaye shi ba duka suka ji daɗin canjin ba. Dokar UCI a lokacin ta ce dole ƙafafun keke biyu su zama girma ɗaya. Da aka cire wannan sharaɗi a 2019, sai mafita ta bayyana: 29 a gaba, 27.5 a baya. Loïc Bruni na Faransa ya ci gasar duniya ta shekarar a Mont-Sainte-Anne ta Kanada da wannan haɗi, kuma yau shi ne ya fi yawa a kekunan gangara. Hikimar ba ɓoyayya ba ce. Ƙafar gaba ita ce take fara cin karo da dutse, ita ce kuma idan ta zame faɗuwa ta tabbata, don haka girma ya dace da ita. Ta baya tana bin sawu ne, tana ɗaukar mafi yawan duka, tana kuma bukatar barin wuri ga jikin mahayi.

Ga mai saye a Dutsin-Ma ko Kurfi, abu na farko da ya kamata ya auna shi ne tsayinsa. Ya tsaya da firam a tsakanin ƙafafunsa, tafin ƙafa biyu a ƙasa. Idan ƙarfen sama yana taɓa shi, keken ya yi masa girma, komai kyansa. Sannan ya ɗora ƙafa a feda ya karkata kan keke ya ga ko yatsunsa suna gogar tayar gaba. Mutum mai matsakaicin tsayi ko gajere ya fi samun iko da 26 ko 27.5, dogo kuma 29 ba za ta takura shi ba. Yara suna da nasu girman, inci 20 da 24, kuma ɗora yaro a kan keken babba da niyyar zai girma ya cike shi ganganci ne a wurin da akwai gangara, domin ƙafarsa ba za ta kai ƙasa ba idan birki ya ƙi.

Abu na biyu shi ne lambar da take jikin taya, kuma a nan ake yawan yin asara. Lambar inci kimanta faɗin taya ce da iska a ciki, ba awon rim ba. Awon gaskiya yana rubuce a gefen taya da lambobi biyu, misali 54-559: ta farko kaurin taya ce da milimita, ta biyu kuma faɗin rim a inda bakin taya yake zama. Rim ɗin 26 na keken dutse milimita 559 ne, na 27.5 yana da 584, na 29 kuma 622. Tazarar 26 da 27.5 milimita 25 ce kawai, ta 27.5 da 29 kuwa 38. Baƙin keken nan na gargajiya mai kariya, irin Raleigh da Phoenix da Hero, wanda ake ɗora wa buhun hatsi ana kai wa kasuwa, tayarsa an rubuta mata 28 x 1½, amma rim ɗinsa milimita 635 ne, wato ya fi na 29 faɗi da milimita 13. Tayar 28 ta baƙin keke za ta yi wa rim ɗin 29 sako-sako, ta 29 kuma ba za ta shiga nasa ba ko da an sa ƙarfe an banƙare ta. Ko a cikin masu suna 26 akwai mai rim 590, wadda ba ta hawa kan 559. Wanda zai sayi taya ya tafi da tsohuwar, ko ya rubuta lambar nan mai alƙaluma uku.

Daga nan sai maganar samuwa, wadda a ƙauye ta fi duk lissafin gasa nauyi. Tsidau da ƙayar aduwa da ta bagaruwa ba su san girman ƙafa ba, kuma keken da yake bin hanyar gona faci ba ya rabuwa da shi. Inci 26 ya yi shekara da shekaru yana yawo a duniya, tayarsa da tiyub ɗinsa da wayoyinsa sun fi na 27.5 da 29 sauƙin samu da araha a wurin masu gyara. Keke mai ƙafar 29 yana da daɗin hawa, amma idan tayarsa ta yage sai an aika Katsina ko Kano, zai iya shafe makonni a jingine a zaure. Ya dace mai saye ya fara zagayawa wurin mai gyaran unguwarsu ya tambayi abin da yake da shi kafin ya biya kuɗi. Bawul ma abin dubawa ne: mai kauri irin na mota da babur yana karɓar iska a wurin kowane mai faci, siriri mai ɗan dunƙule a kai kuwa, wanda yake yawan zuwa da ƙafafun 27.5 da 29, sai da famfonsa ko ɗan ƙarfen da ake ɗaura masa.

Wasu sukan so su sauya ƙafa a kan firam ɗin da suke da shi. Idan birkin na roba ne mai matse rim, wannan ba zai yiwu ba, domin robar ba za ta sake daidaita da sabon rim ba. Idan birkin faifai ne da yake kama a cibiya, ana iya gwadawa, muddin akwai sarari tsakanin taya da fok ko da shokazoba ta nutse har ƙarshe. Tayar da ta taɓa fok a cikin gudu takan kulle ƙafar gaba nan take. Sa ƙaramar ƙafa a firam ɗin babba kuma yana sauke keken ƙasa, feda ta riƙa dukan dutse a kwana.

Ba kowane keke mai kamar na dutse ne aka yi don gangara ba. Na ainihi yana da faifan birki mai faɗin milimita 200 ko fiye, taya mai kaurin inci 2.4 zuwa 2.5, da rim mai bango biyu. Da yawa daga cikin masu araha shokazobarsu waya ce kawai a nannaɗe, rim ɗinsu kuma bango ɗaya ne mai saurin lanƙwasa. Ana gane lafiyar ƙafa ta hanyar ɗaga keke a juya ta a ga ko tana rangaji, a matsa wayoyi biyu-biyu a ji ko akwai mai sako-sako, a kuma girgiza ta gefe da gefe. Idan ta yi ƙas-ƙas, boris ɗin cibiya ya ci ko ya kwance, kuma gyaransa ya zo kafin kowace gangara.