Fuskar Wa Ta Fi Girma a Fastar Fim?

A Sakkwato, shagunan da a da ake hayar kaset a cikinsu yawanci sun koma na masu tura fim a waya, amma fasta tana nan, ko a bangon shago ko a fuskar YouTube. Ana kallonta daƙiƙa biyu a wuce, alhali wanda ya tsara ta ya auna kowane lungu nata.

Fara da girman fuskoki. Fuskar da ta cinye rabin takarda ba lallai ta zama ta mai labarin ba. Ta wanda sunansa ke sayar da fim ce. A zamanin marigayi Rabilu Musa Ibro, wanda ya rasu a 2014, sau da yawa fitowarsa a fim ba ta da yawa, amma a fasta shi ne a gaba, da shigarsa ta ban dariya da ido a zare. 'Yan kasuwar Kano, waɗanda a wancan lokaci ke sayen fim su rarraba shi har Sakkwato da Maraɗi, su ne ke da ta cewa a kan wannan, domin sun san mai saye fuska yake tambaya kafin ya tambayi labari. Don haka in ka ga an jera kawuna kamar dalar gyaɗa, babba a sama, ƙanana a ƙasa, jerin daraja ne a kasuwa.

Daga nan sai ido. Jarumin da ya kalle ka kai-tsaye kiranka yake yi. In jarumi da jaruma sun juya wa juna baya, akwai rikici. In wata ta uku na leƙowa ta bayan kafaɗa, kishiya ce ko uwar miji, kuma an gama faɗa maka rabin fim ɗin. Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne 'yar tazarar da ake bari tsakanin namiji da mace. Fastar Indiya takan nuna soyayya da runguma. Tamu ba ta da wannan damar, saboda al'ada da kuma Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano da aka kafa a 2001, sai mai zane ya ɗora nauyin duka a kan kallo, da karkatar kai, da anko na tufafi. A ganina, nan ne gwaninta take.

Launi kuwa ba ya ɓoye komai: ja da baƙi na faɗa da ramuwa ne, ruwan hoda da ruwan zinare na aure, shuɗi mai duhu na aljanu da tsafi.

Wannan tsari gado ne. Tun kafin fim ɗin Hausa Turmin Danya ya fito a Kano a 1990, idon mutanen Arewa ya saba da fastocin Indiya na zanen hannu da ake liƙawa a ƙofar sinima. Ta Mother India, fim ɗin 1957, ta nuna jaruma Nargis da garma a kafaɗa, hoto guda da ya ɗauke wahalar fim ɗin gaba ɗaya. A Ghana ma, cikin shekarun 1980 da 1990, masu zane sun riƙa zana fastoci a kan buhun fulawa, suna ƙara jini da makaman da babu su a fim ɗin.

Yau Photoshop ya karɓi aikin buroshi, kuma fastar shirye-shirye masu dogon zango irin su Labarina da Izzar So dole ta karantu a allon waya, shi ya sa rubutu ke ƙara kauri, fuska ke ƙara matsowa. Illar ita ce cunkoso: kowane ɗan wasa yana son a ga kansa, furodusa ba ya son ɓata wa kowa, sai a cusa kawuna goma, hasken wannan daga dama, na wancan daga hagu, domin kowanne daga hoto daban aka yanko shi.