Rubutun Ƙasan Bidiyo a Damargu: Inda Ƙugiya Ke Ɓacewa

A kasuwannin Tanut da Belbeji ana jin Hausa da Buzanci da Barbarci da Fulatanci. Duk mai haɗa bidiyo a nan Damargu, na wa'azi ne ko na faɗakar da makiyaya, sai ya nemi hanyar da maganar Buzu za ta isa ga Bahaushe. Rubutun ƙasan hoto ke ɗaukar wannan nauyi.

Aikin na buƙatar haƙuri. A manhajoji irin su CapCut da Premiere Pro, kowace jimla tana da gurbinta a layin lokaci. Da zarar an yanke daƙiƙa 3 a tsakiyar bidiyo aka manta da layin rubutu, duk abin da ya biyo baya ya goce, sai a ga baki ya rufe rubutu bai fito ba. Shi ya sa ƙwararru kan gama yanka tukuna, sannan su ɗora rubutu, kada ya wuce layi 2, su kuma adana shi daban a fayil ɗin SRT don sauƙin gyara.

Babbar matsalar ita ce ƙugiyar haruffan Hausa. Salon haruffa da yawa ba su da ɓ, ɗ, ƙ, balle ƴ da ake rubutawa a Nijar. Sai ɗan akwati ya fito a gurbin harafin, ko kuma mai aikin ya cire ƙugiyar, "ƙasa" ta koma "kasa". Wannan sakaci ne mai ciwo, tun da a 2025 Nijar ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Maganinsa shi ne adana fayil da tsarin UTF-8 da zaɓen haruffa irin su Noto Sans.